Tumbin Giwa da Daɓen da Muka Bari

 

Yau ina so mu koma birnin Kano a shekarar 1979. Shekarar siyasa ce. A cikinta soja suka miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari, Kano kuma ta zaɓi Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna a jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano. Hankalin gari duk yana can. A tsakiyar wannan hayaniya ne wasu samari suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, suka raɗa mata suna Tumbin Giwa. A lokacin ba labarin da zai ja kunnen kowa ba ne, domin ƙungiyoyin dirama na unguwa da ma akwai su birjik, wata ta tashi bana, baɗi ta watse a kan kuɗin da ke hannun ma'aji ko a kan wa zai fito a sarki. Amma shekara goma sha ɗaya bayan kafa ta, daga hannun wannan ƙungiya aka sami kaset ɗin da masana ke lissafawa a matsayin mafarin fim ɗin Hausa na bidiyo a kasuwa, sana'ar da yau take ciyar da gidaje masu ɗimbin yawa.

Sunan kansa abin lura ne. Tumbin giwa kirarin Kano ne, cikin da ya haɗiye komai, wanda duk abin da ka zo nema za ka tarar da shi a ciki. Samari masu ƙaramin ƙarfi su ɗauki kirarin birni sukutum su ɗora wa ƙungiyarsu, ai ka san akwai buri a zukatansu.

Ba daga sama suka faɗo ba. Bahaushe ya san kwaikwayo tun kafin ya san allon makarantar boko. Yaran da ke fita tashe idan azumi ya kai goma, wani ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wani ya cusa tsumma a riga ya zama mai ƙaton ciki, me suke yi in ba wasan kwaikwayo ba? Haka wasan gauta da matan fada ke yi suna kwaikwayon sarki da hakimansa, haka kalankuwa bayan kaka, haka 'yan kama da ke juya karatun malamai ya koma zancen tuwo da miya. Da boko ta zo sai aka sa abin a takarda. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi yake rubuta wasanni yana caccakar zalunci da su, Alhaji Yusuf Maitama Sule kuma har ƙungiyar wasa aka sani da sunansa a Kano. Daga Kaduna ana jin Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, ana ganin Ƙasimu Yero, daga Jos ga Karkuzu. Wannan ita ce gonar da Tumbin Giwa ta tsiro a ciki, tare da takwarorinta irin su Gyaranya da Jigon Hausa.

To, yaya ƙungiyar dirama take aiki a wancan zamani? A nan nake so in ɗan daɗe, domin matasan da suka buɗi ido suka ga fim a waya ba su san wannan duniyar ba, kuma ita ce dalilin sharhin nan.

Ina yaro akwai irin wannan ƙungiya a unguwarmu, kuma na sha leƙe ta taga. Bayan sallar la'asar suke haɗuwa a wani aji na makarantar firamare, bayan 'yan makaranta sun tashi. Kowa daga wajen neman abincinsa yake zuwa: ga tela da zare a jikin riga, ga malamin makaranta, ga ƙaramin ma'aikacin gwamnati, ga ɗan kasuwa da ya bar wa yaronsa shago. Babu mai biyan su. Su ne ma ke biya, domin akwai kuɗin mako da kowa ke zubawa, akwai tara ga wanda ya makara. Da kuɗin ake sayen hoda da gawayin kwalliya, a ɗinka rigar dogari ja da kore, a yi hayar lasifika ranar wasa. Rawani da alkyabba kuwa aro ake yi, wani lokaci mai kayan bai ma san inda aka kai su ba sai an dawo da su.

Yawanci babu rubutaccen wasa mai kalma bayan kalma. Wani zai kawo labari, a zauna a tattauna shi, a yanka shi fitowa fitowa: a nan Alhaji zai dawo daga kasuwa ya tarar uwargida da amarya sun kaure, a nan za a je gaban alƙali, a nan asirin boka zai tonu. Abin da za a rubuta ke nan, wani lokaci a bayan takarda guda. Maganar da za a faɗa kuwa, wannan aikin ɗan wasa ne. Shi zai nemo ta a cikinsa, a bakin kakarsa, a zauren unguwa, a rumfar mai shayi. A yi gwaji yau, a sake gobe, maganar da ta zauna a riƙe ta, wadda ta yi lami a zubar. Kafin ranar wasa, kowace fitowa ta sha guga har ta yi sheƙi.

Sabon shiga ba ya fara da babban matsayi. Shimfiɗa tabarma zai yi, ya ɗauko benci, ya riƙe labule. In an ga natsuwarsa, a ba shi dogari, ya tsaya bayan sarki tun daga farkon wasa har ƙarshe, abin da zai furta bai wuce gaisuwar fada ba. A tsayuwar nan yake karatu. Yana ganin yadda babba ke jira dariya ta lafa kafin ya jefa magana ta gaba. Yana ganin yadda ake juya jiki don kada a ba 'yan kallo baya. Yana ganin yadda ake ceto abokin wasa idan ya manta inda aka dosa, a jefa masa tambayar da za ta dawo da shi kan hanya ba tare da kowa ya farga ba. Wanda ya shekara biyu yana wannan tsayuwa, ranar da aka ce ya fito a maigida, ba ya rawar murya.

Sannan ga alƙalan gaskiya, wato 'yan kallo. Mai sauraro, in ba ka taɓa tsayawa gaban taron Kanawa da suka biya kuɗin ƙofa ba, da wuya ka gane abin da nake nufi. A daɓe babu a tsaya a sake. In ka yi abin dariya, nan take fili zai ɗauka. In ka yi sanyi, nan take za ka ji ana hira a baya, masu gyaɗa da rake su fi ka kasuwa. In ka yi karin maganar da ba haka take ba, wani dattijo zai gyara maka daga inda yake zaune, da ƙarfi, kowa ya ji. Muryarka kuma dole ta kai wa na layin ƙarshe, ko lasifika ta yi aiki ko ta ƙi. Wannan horo ne da babu makarantar da ke sayar da shi.

Kada kuma a manta da abin da suka haɗiya. A idon mutane da yawa a lokacin, ɗan dirama ɗan iska ne kawai, marar aikin yi. Akwai waɗanda suka ɓoye wa iyayensu, akwai waɗanda aka hana aure saboda an gan su sun ɗaura zane a gaban jama'a. Sun ɗaura zanen ne kuwa don samun macen da iyayenta za su bar ta ta hau daɓe abu ne mai wuya, sai namiji ya fito a mace. Matan da suka daure suka shigo, su suka fi kowa shan baƙar magana, kuma ina ganin har yau ba a gode musu yadda ya kamata ba.

Ƙofar farko da ta buɗe wa waɗannan ƙungiyoyi ita ce talabijin. Ga NTA Kano, sannan gwamnatin Rimi ta kafa gidan talabijin na jiha, CTV, wanda yau ake kira ARTV da sunansa. Gidajen nan suna buƙatar shirye-shiryen Hausa da za su cike lokaci, 'yan wasa kuma ga su a unguwanni, a horar da kansu, a shirye. Sai aka riƙa ɗaukar su. Wanda ya yi zamanin zai tuna yadda ake cika gidan mai talabijin da daddare, yara a ƙasa, manya a kujera, ana jiran Kuliya Manta Sabo. A nan 'yan daɓe suka fara sanin kyamara, suka gane cewa ita ba ta son ihu, ɗaga gira kaɗai ya ishe ta.

Daga nan abubuwa biyu suka haɗu. Tattalin arzikin ƙasa ya shiga matsi, musamman bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Darajar naira ta zube, kuɗin da gidajen talabijin ke kashewa a kan wasanni ya ja baya, yin fim irin na sinima kuwa, kamar Shehu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976, ya zama sai gwamnati ko mai hannu da shuni. A gefe guda kuma na'urar bidiyo ta shiga gidaje, ana kallon fina-finan Indiya da na Sin a ɗaka, kyamarar ɗaukar biki da suna ta yawaita a gari. 'Yan Tumbin Giwa suka duba suka ga suna da labari, suna da 'yan wasa da suka gogu, ga kyamara ana iya samu. Me zai hana su ɗauki wasansu da kansu su kai kasuwa?

A 1990 suka fitar da Turmin Danya. Marigayi Aminu Hassan Yakasai, marubucin littattafan hikaya, shi ya rubuta labarin. Salisu Galadanci ya ba da umarni. Ibrahim Mandawari, wanda sunansa ya zama kamar tambarin ƙungiyar, yana cikin waɗanda suka fito. Ina so a riƙe shekarar nan da kyau, domin sau da yawa idan ana ba da tarihin fim ɗin bidiyo a Najeriya, daga Legas ake farawa, da wani fim na harshen Ibo da ya fito a 1992. Kano ta riga da shekara biyu. Ko sunan Kannywood, wanda Sunusi Shehu Daneji ya fara amfani da shi a mujallar Tauraruwa a 1999, ya girmi sunan Nollywood da ya ɓulla a 2002.

Ƙungiyar ba ta tsaya nan ba. Ta yi Rikicin Duniya, sannan a 1992 ta fitar da Gimbiya Fatima, wanda ya karɓu sosai, ya nuna wa kowa cewa akwai kasuwa a nan. Jigon Hausa suka biyo da Munkar. Marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino suka fara mayar da littattafansu fim. Kan ka ce kwabo, 'yan kasuwar kaset a Bata da Ƙofar Wambai sun shigo da jarinsu, Sabon Titin Mandawari ya cika da ofisoshin masu shirya fim.

Ba zan tsaya a nan in raina abin da kaset ya kawo ba, don zai zama rashin adalci. Daɓe da sinima duk wuraren maza ne. Matar aure da ke cikin kulle ba ta zuwa filin wasa da daddare, zuwa sinima kuwa abin kunya ne ko ga namiji mai mutunci. Kaset shi ya tsallake zaure ya shiga tsakar gida, ya sami mata a ɗakunansu, suka zama su ne manyan masu kallo. Shi ya kai Hausar Kano Maraɗi da Damagaram da Agadas, ya kai ta zangon Kumasi da Garwa, har Sudan. Shi ya mayar da abin da ake yi don sha'awa ya zama sana'ar da ake aure da ita, ake gina gida. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya bar aikin gidan yari ya rungumi wasa, da a daɓe kaɗai ya tsaya, da iyakar waɗanda za su san shi ba su wuce 'yan garuruwan da ƙafarsa ta taka ba.

Amma ɗan da aka haifa ya girma ya cinye gidan. Da kuɗi ya shigo, ƙungiya ta zama ba ta da amfani a idon mutane da yawa. Me zai sa in zauna ƙarƙashin shugaba da sakatare da ma'aji, in jira shekara biyu a dogari, alhali zan iya buɗe kamfanina in sa sunana a kwali? Furodusa ya maye gurbin ƙungiya, ɗan kasuwa ya zama shi ke faɗin irin labarin da zai saya da fuskar da yake so a gani. Bayan Sangaya ya fito a 1999 ya yi kasuwar da ya yi, waƙa da rawa suka zama su ne ma'aunin fim. Aka shiga neman kyan fuska da iya bin waƙar wani da baki. Mutumin da ya shekara goma yana koyon yadda ake riƙe taro da murya ya koma fitowa a uban yarinya, fitowa biyu, a sallame shi.

Abin da ke damuna, jama'a, shi ne makarantar da aka rufe ba tare da an gina wata ba. Ku saurari dattawan da suka fito daga ƙungiyoyin nan idan suna magana a fim, ko da minti ɗaya aka ba su. Hausar a zaune take, karin magana yana faɗowa a inda ya dace, shiru ma sun san inda ake yin sa. Sannan ku saurari da yawa daga cikin yaran da suka shigo ta waya. Ba laifinsu ba ne, kuma akwai masu baiwa ƙwarai a cikinsu. Sai dai ba a taɓa tsayar da su gaban mutum ɗari biyar masu rai ba. Ba su taɓa jin yadda fili ke mutuwa a hannun mutum ba, balle su koyi yadda ake tashe shi. Yau yaro zai yi bidiyon minti ɗaya a TikTok, gobe a kira shi lokeshin, jibi a ce masa jarumi. Wa zai gyara masa? Masu sharhi a ƙasan bidiyo ko dai su zage shi ko su kambama shi, babu dattijon nan na layin gaba da zai ce masa, yaro, ba haka ake faɗa ba.

Mu leƙa maƙwabta mu gani. A Damagaram, ƙungiyar wasan gidan rediyon ƙasa da Yazi Dogo ya jagoranta, shi ma malamin makaranta ne, da irin wannan salo ta yi aiki: a tsara labari tare, a bar wa ɗan wasa maganarsa. A zamanin Seyni Kountché, da aka farfaɗo da samariya aka kuma riƙa yin bikin matasa na ƙasa, jihohi na gasa da juna a wasan kwaikwayo, wasan Hausa a Nijar ya kai inda har wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta zauna ta yi nazarinsa ta fitar da littafi a 1987. Gwamnatin soja ce, tana da nata dalilin na son a isar da saƙonta, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya nuna shi ne, idan aka ba ƙananan ƙungiyoyi fili da ranar haɗuwa da abin da za su yi takara a kai, sukan yi abin mamaki.

Yau ka shiga Kano, birnin miliyoyin mutane, cibiyar fim ɗin Hausa ta duniya, ka tambayi direban Adaidaita Sahu ya kai ka inda ake wasan daɓe ranar Asabar da yamma, inda za ka sayi tikiti ka zauna da iyalinka. Da wuya ya san inda zai nufa da kai. A jami'o'i ana koyarwa, a Zariya ma akwai dandalin wasa na ginin ƙasa da Jami'ar Ahmadu Bello ta yi tun shekarun 1970, ɗalibai na hawa suna nuna abin da suka koya. Amma wannan na cikin harabar makaranta ne. Tela da ɗan kasuwa da malamin firamare, irin waɗanda suka kafa Tumbin Giwa, ba su da inda za su.

Kuma abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba. Ba ginin biliyoyi nake roƙo ba. Ajin firamare bayan la'asar yana nan inda aka bar shi. Filin Gidan Ɗan Hausa yana nan, harabar Gidan Makama tana nan. Ƙananan hukumomi takwas ne a cikin ƙwaryar birni da kewayenta. A ce kowace ta tsayar da ƙungiya ɗaya, a sa gasa sau ɗaya a shekara bayan sallah ƙarama, da rana tsaka, a keɓe wa mata da yara wurin zamansu, a ɗauko dattawan Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa su zama alƙalai. Manyan jarumai da furodusoshin da suka ci arzikin sana'ar nan, ɗaukar nauyin irin wannan bai kai kuɗin fim ɗaya ba, kuma su za su fara cin moriya, don a nan za su tsinci 'yan wasan da ba sai an sake ɗauka sau goma ba.

Akwai kuma wani aiki da ya fi wannan gaggawa. Aminu Hassan Yakasai ya rasu tun 2001, Allah Ya jiƙansa da rahama. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi zamanin daɓe sun bi shi, waɗanda suka rage kuma furfura ta cika kai. Wasannin da suka yi kafin kyamara ba a rubuce suke ba, a ƙwaƙwalwarsu suke. Ina kira ga ɗaliban Hausa da na wasan kwaikwayo a Jami'ar Bayero da sauran makarantunmu, da abokan aikina 'yan jarida: ku ɗauki na'urar naɗar magana ku je gidajen mutanen nan. Ku tambaye su wa da wa suka zauna ranar farko, a ina suke gwaji, wane wasa ne ya fi tashin fili, nawa ne kuɗin ƙofa, wace mace ce ta fara yarda ta hau daɓe tare da su. Kaset ɗin bidiyo kuma ba ya jure zafi da ƙura da damina, zarensa yana manne wa juna ya lalace. Duk wanda ya san akwai Turmin Danya ko Rikicin Duniya ko Gimbiya Fatima a cikin wani tsohon kwali a gidansu, ko a shagon mahaifinsa da aka rufe, don Allah ya fito da shi ya kai wa masu na'urar da za su juye shi a kwamfuta tun bana, kafin wata daminar ta same shi a inda yake.